Ku Tambayi Anti Nas: Wa Ke Taɓa Mana Katin Asibiti?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan satin saƙonni sun yi min yawa kuma abun mamaki kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wasu daga Amurka wasu daga nan gida, kowa na kukan kati ko kukan magani, shi yasa na ture tambayoyin basir da na ulsa zuwa fitowa ta gaba, masu su ku yi haƙuri dan Allah. Kamar kullum bana saka sunan kowa, gari kawai.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ina zaune a Bronx cikin New York, cikina wata 5 kuma da Medicaid nake zuwa awo. A gurup ɗinmu na mata an turo wani odiyo wai Trump ya soke Medicaid gaba ɗaya, wai duk wadda ta haihu yanzu ita za ta biya daga aljihunta, wasu ma sun ce kar mu ƙara zuwa asibiti saboda za a miƙa sunanmu ga 'yan imigireshin. Wallahi ko bacci bana iya yi. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, ki sha ruwa, kuma ranar awonki ta gaba ki shirya ki tafi. Ba a soke Medicaid ba. Mai odiyon nan ya ji ƙamshin gaskiya ne sai ya ƙara mata gishiri har ta ƙi ciyuwa.

Bari in warware wa waɗanda ke gida su gane tukun. Medicaid inshorar lafiya ce ta masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, tun 1965 aka kafa ta zamanin shugaba Lyndon Johnson, gwamnatin tarayya da jihohi ke haɗa kuɗin, kuma ba ƙaramin abu bane fa, a cikin haihuwa 10 da ake yi a ƙasar kusan 4 ita ke biya. Toh abun da ya faru shi ne ranar 4 ga Yuli 2025 Trump ya sa hannu a wata babbar doka ta haraji da kasafi, wadda da kyar ta tsallake majalisa, a ta dattawa ma kunnen doki aka yi 50 da 50 sai da mataimakinsa JD Vance ya jefa tasa ƙuri'ar, a ta wakilai kuma 218 da 214. Cikin dokar an zaftare wa Medicaid sama da dala biliyan 900 a tsawon shekara 10, kuma ofishin da ke yi wa majalisar lissafin kasafi ya ƙiyasta mutum miliyan 10 za su ƙaru a kan marasa inshora zuwa 2034.

Amma kinga yadda suka tsara abun, babu layin da aka rubuta a kori mai ciki. Ɗan siyasa ba ya tsayawa gaban kyamara ya ce zan ƙwace katin mai naƙuda, ai ya san ƙuri'a yake nema. Da takarda ake kora. Daga farkon 2027 manya 'yan shekara 19 zuwa 64 da suka shiga ta ƙofar faɗaɗawar Obamacare, wato dokar lafiya ta zamanin Obama da ta buɗe Medicaid ga ƙarin masu ƙaramin ƙarfi, sai sun nuna shaidar suna aiki ko karatu ko aikin sa-kai na awa 80 a wata, sannan sabunta rajista da ake yi sau ɗaya a shekara zai koma duk wata 6. Masu ciki da masu jego da iyayen yara 'yan ƙasa da shekara 14 an ce an ɗauke musu sharaɗin aikin, toh amma wa zai gaya wa kwamfutar ofis cewa ke mai jego ce in ba ki cike fam ɗin ba?

An taɓa gwadawa ai. Jihar Arkansas ta sa irin wannan sharaɗi a 2018, cikin 'yan watanni mutum kusan 18,000 suka rasa kati kafin kotu ta dakatar, kuma da yawansu aikin suke yi, shigar da bayanin a intanet ne ya gagare su ko ma basu san an sa dokar ba. Haka bayan korona da aka dawo da tantancewa a 2023, sama da mutum miliyan 25 aka cire, kusan 7 cikin 10 ba wai an same su da kuɗi bane, takarda ce kawai ba ta koma kan lokaci ba.

Ni na gani da idona lokacin da naje jegon 'yata can. Akwai wata makwabciyarsu 'yar Gana, bahaushiyar zango ce, mace mai kirki ita ke kawo mana koko da ƙosai ranar Asabar. Rannan na shiga kicin ɗinta sai naga ambulan guda uku an maƙale su a jikin firji da ɗan maganaɗisun nan mai siffar Ka'aba, ko buɗe su ba a yi ba, tace ai Anti takardun talla ne kullum sai sun turo. 'Yata ta farke ɗaya, ashe wasiƙar sabunta inshora ce kuma wa'adin ya wuce da kwana 9. Matar nan ta zauna a kan kujera ta dafe kai, ga yaro mai asma. An samu an gyara daga baya amma sai da aka yi sati biyu ana zaman jiran waya.

Dan haka ƙanwata, duk ambulan ɗin da ya shigo gidanki ki buɗe a ranar, in Turancin ya yi miki kauri ki kai wa ma'aikaciyar walwala ta asibitin da kike awo, kuma kina da haƙƙin a kira miki tafinta kyauta. In kun tashi daga gida ki sanar da sabon adireshi tun kafin ki kwance kaya. A New York mai ciki mai ƙaramin ƙarfi tana samun Medicaid ko da wace irin takardar zama take da ita, kuma yana bin ta har wata 12 bayan haihuwa, da can kwana 60 ne kawai wato ana gama wankan jego da 'yan kwanaki a yanke. Sannan akwai dokar tarayya tun 1986 da ta hana asibiti korar mace mai naƙuda daga sashen gaggawa saboda ba ta da kuɗi.

Maganar imigireshin kuma ba zan ce miki ƙarya ce zalla ba. A 2025 an bankaɗo cewa hukumar da ke riƙe da Medicaid ta miƙa bayanan mutane ga ma'aikatar tsaron cikin gida, jihohi 20 har da taku suka kai ƙara kotu. Kuma dokar nan ta 2025 ta ce daga Oktoba 2026 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka da basu kai ga samun girin kad ba, wato katin zama na dindindin, za su fita daga kason tarayya. In wannan ya shafe ki lauyan shige da fice za ki gani, akwai masu yi kyauta a unguwarku, ba admin ɗin gurup ba. Amma ki daina awo kam a'a. Baƙar fata a Amurka ta fi farar mace haɗarin mutuwa wajen haihuwa kusan sau 3, kuma hawan jinin ciki ba ya sallama, sai an ɗaura miki abun awo a hannu ake ganinsa.

TAMBAYA: Hajiya ni direban Uber ne a Houston ta jihar Texas. Inshorar Obamacare nake biya ni da iyali, da abun da sauƙi amma da shekara ta juya kuɗin wata ya yi tsalle har na fara tunanin in bari kawai, tunda lafiyarmu ƙalau. Sai dai madam tana so mu ƙara haihuwa. Shawara?

AMSA: Alhaji ai ka ba kanka amsa a layin ƙarshe. Wanda ke shirin ƙara haihuwa a Amurka ba ya ajiye inshora, haihuwa lafiya lau ma dubban daloli ce balle a ce tiyata ko jariri ya kwana a kwalba.

Tsallen da ka gani ba kamfanin ne kawai ya ga dama ba. A 2021 zamanin Biden an ƙara tallafin da gwamnati ke sa wa masu sayen inshorar, a 2022 aka tsawaita shi zuwa ƙarshen 2025, har masu rajista suka haura miliyan 24. Da wa'adin ya matso 'yan Dimokurat suka ce sai an sabunta 'yan Rifablikan suka ƙi, a kan haka aka rufe gwamnati kwana 43 daga 1 ga Oktoba 2025, aka buɗe kuma ba a sabunta ba. Ba wanda ya soke komai, zuba ido kawai aka yi ranar ta wuce. Ga shi kuma kana Texas, ɗaya daga jihohi 10 da suka ƙi faɗaɗa Medicaid tun da kotun ƙoli ta ce a 2012 zaɓi ne ba dole ba, so kai a matsayinka na magidanci mai lafiya ƙofar nan kusan a rufe take. Madam dai in ciki ya samu kuma kuɗin shigarku bai haura iyaka ba tana iya samun na masu ciki, ya danganta da takardunta, yara ma akwai nasu tsarin. Ka nemi masu taimaka wa mutane zaɓen inshora kyauta su duba maka ƙaramin tsari kafin ka yanke, kuma ka yi hattara da masu kira a waya suna tallan inshora mai arha, da yawa in ka karanta ƙananan rubutun babu haihuwa a ciki sam.

TAMBAYA: Anti ni daga wani ƙauye nake kusa da Funtuwa. Haihuwata 6, ta ƙarshen na zubar da jini sosai har aka ƙara min leda 2, likita yace in huta. Maigida ya yarda aka sa min ashanar tazarar haihuwa a hannu, yanzu lokacin cirewa ya yi naje asibitinmu sau 3 ana cewa babu sabuwa, allurar wata uku ma babu, wai in je kyamis in sayo. Da kyauta ake yi. Wata nas tace wai Amurka ce ta janye. Me ya haɗa hannuna da Amurka?

AMSA: Allah sarki 'yar uwa, sannu. Tambayarki ta ƙarshe ta bani dariya ta kuma bani tausayi, dan wallahi abun da ya haɗa su yana da yawa.

Nas ɗin ta faɗi rabin gaskiya. Shekara da shekaru kayan tazarar haihuwa da ake rabawa kyauta a asibitocin gwamnati, ƙwayoyi da allura da ashana da robar mahaifa, kaso mai yawa masu ba da tallafi na waje ke saye ko su biya kuɗin dakonsu har zuwa ƙauye, kuma Amurka ce babba a cikinsu ta hannun USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, da kuma kuɗin da take ba asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 20 ga Janairu 2025 da Trump ya dawo ya sa hannu a dakatar da tallafin waje, kafin Yuli an rufe USAID ɗin ɗungurungum, asusun ma aka yanke masa. Har wasu kayan tazara na kusan dala miliyan 10 da aka riga aka saya suka maƙale a wani sito a Beljiyam ana maganar ƙona su, kayan da matan Afirka aka saya wa.

Ɗaya rabin kuma da nas ɗin ba ta faɗa miki ba, ƙila tana tsoron aikinta, namu ne. A kasafin tarayya na 2024 an ware wa tsarin iyali kusan naira biliyan 2.2, a na 2025 sai ga shi ya dawo wajen miliyan 66. Ki sake karantawa, miliyan ba biliyan ba, kuɗin da bai kai na jif ɗin babban mutum ɗaya ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma a daidai shekarar da mai ba mu aro ya zo ya karɓe zanensa. An dai ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya dan cike giɓin da Amurka ta bari, amma ramin ya haɗa da maganin ƙanjamau da tibi da maleriya, kinga kafin a zo kan ashanarki an kai ƙasan tukunya.

Abun da ke ƙona min rai kenan. Tun Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka zauna a Abuja, garinmu fa, suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, mu masu masaukin baƙi har yau wajen kashi 5 muke lilo. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kwata na duk duniya, kuma kowa ya san wane ɓangare na ƙasar ne ya fi ɗaukar gawar.

Yanzu ke abun yi. Kar ki bari wani mai kyamis ya tsaga miki hannu a bayan kanta, cire ashana aikin wadda aka koya wa ne. Ki je babban asibiti sashen tazarar haihuwa, sau da yawa in ƙananan sun ƙare can ana samu, ki tafi da katinki ki gaya musu ranar da aka sa da kuma zancen jinin da kika zubar. In babu irin taki ki tambayi me ke akwai, ko ƙwaya ce ki riƙa kafin kaya su zo, ba a barin tsakani fayau ga mace irinki. Kuma ki gode wa maigida a madadina, ba kowane namiji ke ji ba.

TAMBAYA: Malama, ni malamin Islamiyya ne a Zariya. Ina karanta shafinki ina ƙaruwa, amma a nan ina ganin Trump ya yi daidai. Kuɗin zubar da ciki ya hana, kuma mu addininmu bai yarda a kashe rai ba. Me yasa kike magana kamar abun baƙin ciki ne?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, na gode da ka rubuto kuma da ladabi ka rubuto, wasu zagi suke turowa. Hukuncin shari'a naku ne, ni nas ce ba zan shiga gonar da ba tawa ba. Amma abun da ke faruwa a ɗakin haihuwa kam gonata ce shekara 30, bari in faɗa maka abun da na sani.

Na farko, kuɗin gwamnatin Amurka dama ba a zubar da ciki da su. A cikin gida akwai dokar Hyde tun 1976 da ta hana Medicaid biya sai in fyaɗe ne ko cikin muharrami ko ran uwa na cikin haɗari, a waje kuma akwai dokar Helms tun 1973 da ta hana a yi da kuɗin tallafi. Wato ƙofar nan a kulle take tun kafin a haifi yawancin masu karanta mu. Toh me aka yanke kenan? Dokar 2025 ta hana Medicaid biyan manyan cibiyoyin lafiyar mata da ke zubar da ciki irin su Planned Parenthood na tsawon shekara ɗaya, kuma abun da ake biyansu dama shi ne gwajin sankarar mahaifa da ta mama, maganin ciwon sanyi, da kayan tazara. Kana iya ƙin cibiyar, wannan ra'ayinka ne, amma matar da take zuwa gwajin sankara a can ita ce ta rasa wajen zuwa. A waje kuma akwai wata ƙa'ida da ake wasan ƙwallo da ita tun 1984 zamanin Reagan, duk ƙungiyar da ta karɓi kuɗinsu ba ta da ikon zubar da ciki ko ba da shawarar a yi ko da da kuɗinta ne, Clinton ya cire a 1993, Bush ya mayar a 2001, Obama ya cire a 2009, Trump ya mayar a 2017, Biden ya cire a 2021, Trump ya sake mayarwa a 2025. Ka duba fa Malam, asibitin ƙauye a Afirka yana buɗewa yana rufewa bisa zaɓen da ba mu da ƙuri'a a ciki.

Na biyu kuma shi ne wanda nake so ka kai wa ɗalibanka. Ɓari da zubar da ciki a hannun likita kayan aikinsu ɗaya ne, maganin ɗaya, wankin cikin ɗaya. Matar aure mai son cikinta kamar ranta in ya lalace a wata 3 ya ƙi fita, wankin ciki za a yi mata ko ta ruɓe daga ciki. Mai cikin bayan mahaifa in ba a cire ba fashewa zai yi. Tun da kotun ƙolin Amurka ta rushe hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a duk ƙasar a ranar 24 ga Yuni 2022 ta mayar wa jihohi wuƙa da nama, jihohi fiye da 10 suka haramta kusan gaba ɗaya, kuma duk sun rubuta wai banda in ran uwa na cikin haɗari. Amma haɗari na nawa? A Texas likita na iya fuskantar ɗaurin rai da rai, dan haka sai ka ga mace ruwa ya fashe mata a wata 4, kowa ya san ɗan ba zai rayu ba, amma ana jira zazzaɓi ya kama ta tukun lauyan asibiti ya ce toh yanzu ta isa haɗari. An samu matan da suka rasu a wannan jiran.

Jihar Luwiziyana ma daga 1 ga Oktoba 2024 ta saka misoprostol cikin jerin magungunan da ake kullewa kamar kayan maye, saboda ana zubar da ciki da shi. Malam wannan ƙwayar ita ce muke ba mace in ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ita muke ba ungozomomin ƙauye saboda ba ta buƙatar firji kamar allurar oksitosin. Da na karanta labarin sai wani dare ya dawo min. Ina aikin dare a wani asibiti, ba zan faɗi suna ba, yarinya 'yar shekara 17 haihuwar fari, mabiyiya ta fita amma mahaifa ta ƙi tsukewa, jini kamar an kunna famfo yana bin ƙafar gado yana ɗiga a bokiti, ga ba wuta muna haskawa da fitilar waya. Maganin yana cikin kabad, kabad a kulle, makulli yana jakar wadda ta tashi aiki tun magariba ta tafi da shi gida. Hannuna ɗaya na cikinta ɗaya na danne mararta ina ihu a fasa, mai gadi ne ya zo da ƙarfen taya ya ɓalle kwaɗon. Ta rayu, da kwanan ta a gaba, amma leɓenta ya riga ya yi fari fat kamar takarda kuma uwarta na bakin ƙofa ta fara salati. Namu sakaci ne ya kulle kabad ɗin, su kuma 'yan majalisa ne suka zauna suka kaɗa ƙuri'a a kulle. Mace mai zubar jini mintoci take da su.

Kuma ka san a dokarmu ta Arewa ma an yarda a ceci ran uwa, malamai da yawa kuma sun yi bayani a kan tazara saboda lafiya da shayarwa, kai ka fi ni sanin wannan babin. Roƙona kawai in ana wa'azi a riƙa rabe wa mutane, dan na sha ganin miji ya hana a yi wa matarsa wankin ciki bayan ɓari wai shi ba za a zubar masa da ɗa ba, alhali ɗan ya kwana uku da komawa.

TAMBAYA: Anti ina yini, daga Maraɗi ne. Mu nan an ce haihuwa kyauta ce a likita, yara ƙanana ma kyauta, amma in ka je sai a rubuto maka takarda ka sayo komi a farmasi har safar hannu. Ina kyautar take? Ku can Najeriya haka ne?

AMSA: Lafiya lau ɗana, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ai ciwon namu ɗaya ne. Ku tun 2006 zamanin Tandja aka ce tiyatar haihuwa da tazara da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, tsarin shi ne likita ta yi aiki ta tura takarda gwamnati ta biya, sai biyan ya riƙa makara wata da watanni har shekaru, bashi ya taru, kantin magani ya bushe, shikenan sai a miƙo maka takarda. A 2024 sojoji sun sake rage kuɗin asibiti da rabi suka ce haihuwa kyauta, abu mai kyau, amma in kuɗin bai sauko daga Yamai ba labarin ɗaya ne.

Mu nan kuma ba a magana. Inshorar tarayya ta fara aiki 2005 ta tsaya kusan a kan ma'aikatan gwamnati. Akwai wani shiri na SURE-P da aka fara 2012 da kuɗin rarar tallafin mai, an ɗauki ungozomomi an tura ƙauyuka, har naira 5,000 ake ba mace in ta cika awo ta haihu a asibiti, mata suka fara fitowa, gwamnati na canzawa a 2015 aka rufe shi, ungozomomin suka tattara nasu ya nasu. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya dan ƙananan asibitoci, sai 2018 aka fara sa shi a kasafi. A Mayu 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wai inshora ta zama dole kuma za a ɗauki nauyin talakawa miliyan 83, har yau yawancin mutane daga aljihu suke biya. A Nuwamba 2024 ministan lafiya Farfesa Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, kuma ana yi a wasu asibitocin da aka zaɓa, amma ba kowane ba, dan haka 'yan Najeriya masu karatu ku tambaya tun ranar awon farko ko asibitinku na ciki, kar sai naƙuda ta tsaya cikin dare.

Kai kuma duk abun da aka sa ka saya ka karɓi rasit ka ajiye, ka nemi kwamitin unguwa da ke sa ido a kan likitar ku ka nuna musu, in ku goma ne kuka je da rasit a hannu maganar ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Kuma tunda ka ambaci safar hannu ina zargin madam ta kusa, toh tun wata 7 a haɗa jaka, safar hannu da auduga da reza sabuwa da zannuwa, a ware kuɗin mota daban kar a taɓa, sannan a nemi mutum 2 cikin dangi da za su iya ba da jini a san rukuninsu tun yanzu.

Mai tambaya daga Kumasi a kan katin inshorar da ya mutu, da baiwar Allah daga Gombe mai maganar allurar da ta ɗauke mata al'ada wata 8, na ga saƙonninku, ku ne farko a fitowa ta gaba in sha Allahu.